Tarihin Nelsan, Sarkin Yaƙin Teku, da Ranar da A Ke Tunawa da Shi

Mu mutanen Suleja mutanen tudu ne. Ruwan da muka saba da shi bai wuce Iku da Gurara ba, wanda ya yi nisan tafiya kuwa shi ne ya ga Kwara a Lakwaja. Saboda haka ba zan yi mamaki ba in wani ɗan'uwa ya ga kan wannan magana ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? To, ga dalili. Kowace shekara, ran 21 ga Oktoba, sojojin ruwa na Ingila su kan yi bikin tunawa da wani yaƙi da aka yi bisa teku a 1805, wanda a ke kira Yaƙin Tarafalga. Yaƙin bai cika wuni guda ba, amma ƙurar da ya tayar ta yi ta tafiya har ta iso ƙofar garinmu. Mutumin da ya ja wannan yaƙi, ya ci nasara, ya kuma bar ransa a ciki, shi ne Horeshiyo Nelsan. Ga labarinsa, daɗinsa da ɗacinsa.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Nelsan ran 29 ga Satumba, 1758, a wani ƙauye na lardin Nofok, gabashin Ingila. Ubansa shi ne limamin cocin ƙauyen, mutum mai 'ya'ya da yawa da abin hannu kaɗan. Cikin 'ya'ya goma sha ɗaya da aka haifa a gidan, Nelsan ne na shida. Yana da shekara tara uwarsa ta rasu, aka bar uban da ɗawainiyar yara. Da ya kai shekara goma sha biyu sai ya ji labari an ba kawunsa, Kyaftin Sakilin, wani jirgin yaƙi, ya roƙi a rubuta masa takarda ya ɗauke shi. An ce kawun ya yi mamaki da aka zaɓi mafi rauni cikin yaran aka turo masa, amma dai ya karɓe shi a 1771.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya san irin jiragen zamanin. Ba na ƙarfe ba ne, ba su da inji. Da katako a ke gina su, a kafa dogayen itatuwa uku a tsakiya, a ɗaura musu manyan zannuwa masu kauri, iska ta buga ta tura jirgin. In iska ta ɗauke, jirgi ya tsaya cik. Babban jirgin yaƙi ya kan yi bene biyu ko uku, kowane bene an jera masa igwa dama da hauni, bakinsu na leƙe ta 'yan tagogi. Mutum ɗari shida zuwa ɗari takwas su kan zauna ciki wata da watanni, abincinsu busasshen gurasa da nama mai gishiri. Cikin irin wannan gida ne aka jefa yaro siriri mai yawan laulayi. Abin mamaki kuma, har ya mutu bai rabu da jiri da amai ba duk sa'ad da teku ta yi fushi.

Amma ƙarfin zuciya ba a jiki ya ke ba. Kafin ya cika shekara goma sha takwas ya je tsibiran Indiya ta Yamma, ya je can arewacin duniya inda ƙanƙara ta kusa danne jirginsu a 1773, ya kuma je Indiya, inda zazzaɓin cizon sauro ya kama shi har aka komo da shi gida kamar ba zai yi rai ba. Ya ci jarrabawar laftana a 1777, a 1779 kuwa aka naɗa shi kyaftin, bai ko cika ashirin da ɗaya ba. Gaskiya ne hannun kawunsa ya taimaka, gama a lokacin ya zama babba a ofishin jiragen ruwa. Sai dai kawu ya kan buɗe ƙofa ne kawai, shiga da zama aikin mutum ne.

HALINSA DA NA ƘASA DA SHI

A 1784 aka aike shi tsibiran Indiya ta Yamma da wani jirgi mai suna Boreas. A nan ne aka fara ganin halinsa guda biyu da suka bi shi har kabari. Na fari, ba ya jin tsoron babba in ya tabbata yana kan doka. Amurka ta riga ta ɓalle daga Ingila, doka kuwa ta hana jiragen baƙi ciniki a tsibiran. Attajirai da masu mulkin wurin suna kau da ido, don suna samun riba. Nelsan ya kama jiragen. Attajirai suka kai shi ƙara, har ya daɗe bai iya sauka ƙasa ba don kada a tsare shi, amma daga baya shari'a ta ba shi gaskiya.

Hali na biyu shi ne wanda ya fi shafarmu, mu masu koyon aikin malanta. Akwai yara ƙanana cikin jirgin masu koyon aikin hafsa, kamar yadda shi ma ya fara. Wata mace mai daraja da ta yi tafiya cikin jirgin ta ba da labari cewa in ya ga yaro yana tsoron hawan dogon itacen nan, ba ya tsawata masa, ba ya sa a buge shi. Sai ya ce masa su yi tsere zuwa ƙoli, ya kama igiya ya hau shi ma. In sun haɗu a bisa, ba ya tada maganar tsoro ko jinkiri, sai ya shiga yi masa hira. Kuma in za shi cin abinci gidan gwamna, ya kan tafi da ɗaya daga cikinsu don ya koyi zama cikin manya. Wannan a zamanin da bulala ita ce babbar malama cikin jiragen ruwa.

A tsibirin Nebis ya auri wata bazawara, Faransis Nisbet, a 1787, tana da ɗa guda mai suna Josaya. Da suka komo Ingila ba a yaƙi, sai aka ajiye shi a kan rabin albashi. Shekara biyar yana zaune ƙauyensu, yana noman lambu, yana rubuta takardun neman aiki ba a kula shi.

IDO DA HANNU

Ana nan sai Faransawa suka tayar wa sarautarsu, suka kashe sarkinsu a farkon 1793, yaƙi ya ɓarke tsakaninsu da Ingila. Nan da nan aka tuna da Nelsan, aka ba shi jirgi mai igwa 64, aka tura shi Bahar Rum. A 1794, suna kewaye da garin Kalbi a tsibirin Kosika, harsashin igwa ya faɗi kusa da shi, tsakuwa ta fantsama ta shiga idonsa na dama. Tun daga ran nan idon bai ƙara ganin kome ba sai bambancin haske da duhu.

Ran 14 ga Fabrairu, 1797, sunansa ya fita duniya. Rundunar Ingila ta gamu da ta Sifen kusa da gaɓar Fotugal. Al'adar yaƙin teku ita ce jirage su bi juna a sahu, ba mai fita sai da umurni. Nelsan ya hango abokan gaba za su haɗe su kuɓuce, sai ya fid da jirginsa daga sahu ya tare musu hanya. Da jirgin nasa ya ragargaje, sai ya manna shi jikin wani jirgin Sifen, ya ja mutanensa da takobi suka haura suka kama shi, daga cikinsa kuma suka tsallaka wani wanda ya fi shi girma, shi ma suka kama. Da abin ya ɓaci, da sai a yi masa shari'a. Da ya ke ya yi kyau, sai shugabansa ya rungume shi, Sarki ya ba shi lambar girma.

To, amma ba kullum a ke kwana a gado ba. Cikin watan Yuli na wannan shekara ya kai hari da dare garin Santa Kurus a tsibirin Tenerif. Mutanen garin suna shirye. Yana shirin sauka daga kwalekwale harsashi ya farfasa masa hannun dama. Agolansa Josaya ne ya yi maza ya ɗaure hannun da ƙyalle, jini ya tsaya, in ba don haka ba da nan labarin ya ƙare. Likita ya yanke hannun a daren, ba maganin sa barci, gama ba a san shi ba tukuna. An kori Ingilishi, an kashe musu mutane masu yawa, laifin kuwa na gaggawar Nelsan ne. Ya koma gida yana ganin tasa ta ƙare. Amma ya zauna ya koyi rubutu da hagu kamar ɗan aji ɗaya, kafin shekara ta kewayo ya koma teku.

YAƘIN BAKIN NILU

A 1798 wani saurayin janar na Faransa, Nafoliyan, ya ɗebi soja cikin ɗaruruwan jirage ya fita, ba wanda ya san inda ya nufa. Aka sa Nelsan ya neme shi. Ya yi ta sintiri cikin Bahar Rum mako da makonni, har ya riga Faransawan isa Iskandariya, bai tarad da kowa ba ya juya. Sai ran 1 ga Agusta, da la'asar sakaliya, ya iske manyan jiragensu goma sha uku a tsaye a gaɓar Abukir, kusa da inda Nilu ya shiga teku. Sojan ƙasa sun riga sun sauka sun ci Masar.

Faransawa sun jeru kusa da tudu, suna tsammani ba mai iya shiga tsakaninsu da gaɓa, suna kuma zaton ba mai fara yaƙi da magariba. Amma duk kwanakin nan na nema, Nelsan ya kan kira kyaftin-kyaftin nasa cikin jirginsa, su ci abinci, su yi ta shawarar abin da za su yi in sun sami abokan gaba a hali kaza ko hali kaza. Saboda haka da kyaftin na gaba ya ga akwai 'yar hanya ta bayan Faransawa, bai tsaya jiran umurni ba, ya kutsa, waɗansu suka bi shi. Aka sa Faransawa tsakiya, wuta gaba da baya. Wajen ƙarfe goma na dare babban jirginsu, L'Orient, ya kama wuta, albarushin cikinsa ya tashi da ƙara wadda ta sa kowa ya dakata. Da gari ya waye, cikin sha ukun nan biyu kaɗai suka tsira. Nafoliyan da rundunarsa suka zama kamar kifi a rijiya. Sarkin Santambul, Salim na Uku, wanda Masar ke ƙarƙashinsa, ya aiko wa Nelsan da kyautar ado na lu'ulu'u da a ke maƙalawa a hula, Sarkin Ingila kuma ya ba shi sarautar Lod.

TABON DA KE JIKIN RIGARSA

Mai ba da tarihi ba maroƙi ba ne, tilas ya faɗi abin da ba shi da daɗi. Bayan wannan nasara Nelsan ya sauka birnin Nafuli a Italiya yana jinyar rauni a goshi, yabo kuwa ya hau masa ka. A nan ya shaƙu da Ema, matar jakadan Ingila, har ya rabu da matarsa ta aure wadda ba ta yi masa laifin kome ba, ya ƙi ko karanta takardarta. Ema ta haifa masa 'ya mace a 1801.

Wanda ya fi wannan muni ya faru a 1799. Waɗansu mutanen Nafuli sun yi wa sarkinsu tawaye, daga baya suka ba da kai bisa alkawarin za a bar su su fita lafiya. Da Nelsan ya iso sai ya ƙi yarda da alkawarin, aka danƙa su ga sarkin, aka kashe da yawa. Wani tsohon hafsan ruwa na ƙasar, Karacolo, aka yi masa shari'ar gaggawa, aka rataye shi a jirgi ran nan, da iznin Nelsan. Har a majalisar Ingila an yi tir da abin da aka yi a Nafuli.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. Arzikin tsibiran Indiya ta Yamma na rake ne, masu noman raken kuwa bayi ne da aka kwaso daga ƙasashenmu na Afirka ta Yamma. Nelsan abokin masu gonakin nan ne, daga cikinsu ya yi aure. Wata takarda da ya rubuta wa ɗayansu a 1805 ta nuna yana gāba da Wilbafos da jama'arsa masu neman a hana cinikin bayi. Mutumin da ya ji tausayin yaro mai tsoron hawa bisa, bai kai tausayinsa ga waɗanda a ke ɗaurewa cikin cikin jirgi ba.

A 1801 ya sake nuna taurin kansa a Kofanhegan, babban birnin Denmak. Ana tsakiyar wuta shugabansa ya ɗaga tutar a janye. Labarin da ya shahara shi ne Nelsan ya ɗora madubin hangen nesa a makahon idonsa, ya nuna bai ga wata tuta ba, ya ci gaba har ya sami abin da ya ke so.

TARAFALGA

An yi ɗan sulhu a 1802, ya warware a 1803. Nafoliyan, wanda ya naɗa kansa sarkin sarakuna a 1804, ya tara babbar runduna a gaɓar Faransa yana jiran jiragensa su tsare masa mashigin teku ya haye Ingila. Aka ba Nelsan jirgin nan Victory, watau Nasara, mai igwa fiye da ɗari da mutum wajen 820, aka ce ya tsare jiragen Faransa da ke Tulon. Kusan shekara biyu bai taka ƙasa ba. A wannan zama ya fi kula da cikin mutanensa: yana aikawa a sayo albasa da lemun tsami da shanu, don ya san cuta ta fi harsashi kashe matuƙa.

A 1805 hafsan Faransa, Bilnab, ya sulale, ya haɗu da jiragen Sifen, ya ƙetare babbar teku zuwa Indiya ta Yamma. Nelsan ya bi sawunsa har can, ya biyo shi kuma har gida. Bilnab ya shige tashar Kadis a kudancin Sifen. Nafoliyan ya ga dabararsa ta rushe, ya kwashe soja ya nufi Ostiriya. Nelsan ya sami hutun kwana 25 kacal a gida, sa'an nan ya koma.

Da ya iso bakin Kadis a ƙarshen Satumba, sai ya yi abin da ya saba. Ya tara kyaftin-kyaftin a teburinsa ya warware musu shirinsa. Maimakon sahu biyu su jeru daura da juna suna musayar wuta har dare ya raba, shi zai raba rundunarsa biyu, kowace ta soki sahun abokan gaba kamar mashi, a yanke shi gida uku, a gama da na tsakiya da na baya kafin na gaba su juyo. Ya kuma rubuta musu cewa in hayaƙi ya rufe har ba a ganin tutar umurni, kyaftin da ya manna jirginsa jikin na abokin gaba bai yi kuskure ba.

Ran Litinin, 21 ga Oktoba, 1805, aka yi arba kusa da wani tsinin ƙasa mai suna Tarafalga. Ingilishi na da manyan jirage 27, Faransa da Sifen 33. Iska ta yi rauni, jirage na tafiya kamar mai tafiya da ƙafa. Haɗarin shirin ke nan, gama igwa a haƙarƙarin jirgi ta ke, mai zuwa da goshi sai ya sha wuta ba shi da halin ramawa. Nelsan ya sa kansa a gaban sahu ɗaya, abokinsa Kolinwud a gaban ɗayan. Gab da tsakar rana ya sa aka ɗaga tutoci masu sanad da rundunar cewa ƙasarsu ta sa rai kowa zai yi abin da ya wajaba a kansa.

Victory ta sha wuta wajen minti arba'in kafin ta huda sahu. Aka kashe magatakardan Nelsan a gefensa. Shi kuwa yana ta kai da kawowa a bisa, sanye da rigarsa mai taurarin girma, kowa na ganinsa. Wajen ƙarfe ɗaya da kwata wani ɗan bindiga daga ƙolin itacen jirgin Faransa mai suna Redoutable ya harbe shi. Harsashi ya shiga ta kafaɗar hagu ya karya ƙashin baya. Da a ke ɗauke da shi zuwa ƙasa, ya rufe fuskarsa da ƙyalle don kada mutanensa su gani su karaya. Ya yi sa'a uku yana shan azaba, yana tambayar yadda yaƙi ke tafiya. Kyaftin Hadi ya zo ya gaya masa an ci nasara. Ya yi wa Allah godiya da ya sauke nauyin da ke kansa, ya cika wajen ƙarfe huɗu da rabi, yana da shekara 47.

Abokan gaba sun yi hasarar jirage 18, Ingilishi ko ɗaya. Amma kada mu manta da jinin da ya zuba: Ingilishi wajen 450 suka mutu, Faransawa da mutanen Sifen fiye da dubu huɗu. Sa'an nan hadari mai tsanani ya taso, yawancin jiragen da aka kama suka nutse ko suka fashe a gaɓa, huɗu kaɗai aka kai Jibralta. Aka sa gawar Nelsan cikin gangar barasa don kada ta ɓaci. Labari ya isa Landan ran 6 ga Nuwamba, mutane suka rasa ko murna za su yi ko kuka. Ran 9 ga Janairu, 1806, aka binne shi a babban cocin Sen Fol, cikin akwatin da aka sassaƙa daga itacen L'Orient. Ya bar wasiyya ƙasarsa ta riƙe Ema da 'yarsa, ba a cika ba. Ema ta mutu cikin talauci a Faransa a 1815, shekarar da aka gama da Nafoliyan.

YADDA A KE TUNAWA

A tsakiyar Landan akwai fili mai sunan Tarafalga, da doguwar hasumiya da aka gama a 1843, siffar Nelsan a ƙolinta. A gindinta an zana mutuwarsa a kan tagulla, cikin waɗanda ke tsaye kuwa akwai baƙin mutum riƙe da bindiga, gama littattafan jiragen sun nuna akwai 'yan Afirka da 'yan Indiya ta Yamma cikin matuƙan. Bikin shekara-shekara ya yi ƙarfi ne daga wajen 1895, sa'ad da wata ƙungiya mai son a ƙara wa Ingila jiragen yaƙi ta ɗauki ranar ta raya ta. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, wanda ya ƙare a 1918, mutane suka ƙoshi da kirarin yaƙi, ranar 11 ga Nuwamba ta tunawa da matattu ta shafe ta. Mu ma a Nijeriya ita muka bi, kafin a mai da tamu 15 ga Janairu.

Duk da haka sojojin ruwa ba su sake ta ba. Victory tana nan a tashar Fotsmos, an ɗora ta a busasshiyar ma'ajiya tun 1922. Kowace 21 ga Oktoba a kan ajiye furanni a daidai inda ya faɗi, da dare hafsoshi su yi liyafa, a miƙe a ambaci sunansa cikin shiru. Yara masu koyon aikin ruwa su kan yi fareti a filin Tarafalga. A 2005, da yaƙin ya cika shekara 200, jiragen ƙasashe da yawa suka taru a Ingila, har da na Faransa da Sifen, har da namu na Nijeriya mai suna Aradu. Amma ba ko'ina a ke yi masa kallo ɗaya ba. A Dablin an fasa hasumiyarsa a 1966, mutanen Babados kuma, jikokin bayin rake, suka sauke siffarsa daga tsakiyar birninsu a 2020.

ABIN DA YA SHAFE MU

A shekarar da a ke wannan yaƙi, ƙasar Hausa ma tana cikin nata. Shehu Usmanu ya yi hijira a 1804, jama'arsa suka ci Birnin Kabi a 1805, cikin waɗannan shekaru ne kuma Sarkin Zazzau Makau ya baro Zariya ya yo kudu, har ƙanensa Abu Ja ya kafa garin nan namu a 1828. Ba wanda ya ji labarin Tarafalga a cikinsu. Amma tun daga ran nan, fiye da shekara ɗari, ba wanda ya iya ja da Ingila a teku, wanda ya mallaki teku kuwa ya mallaki ƙofar kowa.

Ƙarfin nan kaifi biyu gare shi. A 1807 Ingila ta haramta cinikin bayi, abin da Nelsan bai so ba, aka kuma sa jiragen yaƙin da ya gada musu su tsare gaɓarmu. Sun ƙwato mutum wajen 150,000, aka sauke yawancinsu a Saliyo. Cikinsu akwai yaron nan Ajayi, wanda aka ceto a 1822, ya zama Bishof Kurauda. Akwai Hausawa kuma, daga bakinsu ne Bature Shon ya fara koyon Hausa har ya buga littafinta a 1843. Amma jiragen nan dai su ne suka yi wa Ikko ruwan wuta a 1851, aka karɓe ta a 1861, hanya ta buɗe ta Kwara, har soja suka shigo garinmu a 1902, suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Hannun da ya kwance igiya shi ne ya ɗaura wata.

To, 'yan'uwana malaman gobe, me za mu ɗauka? Ni dai abin da ya fi tsaya mini shi ne, Nelsan ya faɗi tun yaƙi bai yi nisa ba, amma yaƙin ya tafi daidai yadda ya tsara, domin ya riga ya zuba abin da ke kansa cikin kawunan mutanensa, ya kuma amince musu. Ba a sanin malami sa'ad da ya ke tsaye gaban allo da bulala. Sai ran da ya fita daga aji, ko ya bar duniya, a ke ganin abin da ya shuka.

Sa'an nan mu lura, abin da ya sa muka san har sa'ar da aka harbe shi, domin akwai waɗanda suka rubuta ne, aka kuma keɓe rana a ke maimaitawa. Mu ma muna da mazan jiya. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta mana tarihin Makau da na Abuja ta dā, wadda ta ba babban birnin ƙasa sunanta ta ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau, shi ma malamin makaranta ne kafin ya hau gado. Amma sauran labari yana nan a bakin tsofaffi, kullum kuwa raguwa su ke yi. In an yi hutu, kowa ya ɗauki littafi da alƙalami ya durƙusa gaban kakansa. In kuma mun zo koya wa yara, ko labarin Nelsan ne ko na namu, mu ba su shi dukansa, da ƙwazon da tabon. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya, Ya sa mu bar abin da za a tuna da mu da alheri.